Muryar da Muka Kulle

Shekara huɗu na yi ina rubuta takardar Juma'a. Shafi ɗaya ce tak, bayanta fari. Nakan buga ta ranar Alhamis da yamma a shagon buga takardu na wani abokina da ke hanyar tasha a Daura, a yi mata fotokwafi, a liƙa ɗaya a jikin ƙofa, sauran kuwa duk wanda ya biyo bayan an sauko daga masallaci ya ɗauki tasa. Wani direba yakan tafi da uku Baure, wani ma'aikacin lafiya ya kai biyu Dutsi. Abin da ke cikinta darasi ne a kan Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta wanda ba a sayensa, kowa yana da izinin ya kwafa ya ba wani, ya buɗe cikinsa ma ya gyara in ya iya. Daga sama darasi, a tsakiya 'yan dabaru, daga ƙasa labaran 'yan uwa: wanda aka yi wa haihuwa, wanda ya samo sabon faifai daga Kano, wanda firintarsa ta ƙi jituwa da kwamfuta yana neman taimako.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, ba injiniya ba. Ɗan abin da na sani na tsinto shi ne daga wani tsohon littafi da kuma dandalin masu amfani da tsarin a intanet, inda nake shiga da modem mai tafiyar hawainiya. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, shi ya sa na zama malamin masu amfani da tsarin a yankinmu. Mu duka ba mu kai talatin ba: malaman makaranta, akawu ɗaya, masu shagunan buga takardu, da waɗansu 'yan kasuwa da suka gaji da bairos, cutar kwamfuta, yana cinye musu aiki.

Ina da gajen haƙuri, ban taɓa ɓoyewa ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mutum ya tsare ni da tambayar da amsarta ke cikin aljihunsa. Ka ɓata yini kana tsara bayani dalla-dalla, ka wayi gari ka ga takardar an naɗe tsire da ita. Wani ya karanta layin farko da na ƙarshe ya tsallake tsakiya, kwamfuta ta ƙi tashi, ya zo yana cewa abin nan naku ba shi da kyau. Nakan ce masa kwamfutar lafiyarta ƙalau, mai ita ne ke bukatar gyara. Da yawa sun yi fushi, amma ba su daina zuwa ɗaukar takarda ba.

Mutum ɗaya ne ke karanta ta daga sama har ƙasa. Wani dattijo ne, malamin dabbobi da ya yi ritaya, asalinsa daga wata ruga a gefen Baure, aiki ne ya zaunar da shi cikin Daura. Danginsa har yau makiyaya ne da dillalan shanu, masu ƙetare iyakar ƙasa ta Kongolam su dawo. Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, shi ya sayo masa wata tsohuwar kwamfutar cinya. Ranar da dattijon ya fara zuwa shagon tambaya ɗaya ya yi: tsarin da ke cikin kwamfutar nan, an biya masu shi? Mai shagon ya yi dariya ya ce kaf garin nan ba wanda ya biya, kwafi ne kowa ke aiki da shi, an fasa masa kulle. Lokacin Shari'a ta riga ta zauna da gindinta a jihar, mutane sun saba tambayar halal da haram a kan komai, waɗansu don Allah, waɗansu don a gan su. Tasa don Allah ce. Ya rufe kwamfutar ya ce shi muryar mahaifiyarsa zai zuba a ciki, ba zai ajiye ta a kan kayan sata ba. Mai shagon ya nuna ni da baki ya ce ga mai na halal can.

A yammacin na sa masa Linux. Da na yi masa bayanin cewa waɗanda suka rubuta shi sun bar wa kowa, sharaɗin kawai kada ka rufe wa na bayanka abin da aka buɗe maka, sai ya gyaɗa kai ya ce ai wannan waƙafi ne. Ban taɓa kallon abin haka ba, ban kuma musa masa ba.

Daga ranar ya laƙaba mini Malam, alhali a haife ya haife ni. Yakan tuɓe takalmi a ƙofar shagon, duk da simintin ciki ya fi titi datti. Ya sayi littafi mai kwalin bango, kowace Juma'a ya zauna a benci ya kwafe darasin da hannu, harafi da harafi, yadda ɗalibin zaure ke kwafar littafi daga na malaminsa. Abin da aka rubuta kuwa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Na taɓa rubuta cewa a riƙa sabunta tsarin kullum, ina nufin a kai a kai. Sai ga shi kowace safiya a kan babur, ko ana ruwa, yana jiran a buɗe shago ya ari modem. Mai shagon ya kawo mini ƙara. Na gaya wa dattijon da baki cewa sau ɗaya a mako ya isa, ya ce to Malam, amma ba haka ke rubuce ba. Sai da na fitar da gyara a takarda ta gaba sannan ya daina.

Aikin da ya sa a gaba na ɗaukar muryar mahaifiyarsa ne. Tsohuwar ta tsufa tukuf, tana zaune a ƙauye wajen yayarsa, wadda kowa ke kira Goggo. Na rubuta darasi biyu a kan ɗaukar sauti saboda shi. Duk mako yakan cika batirin kwamfutar, ya naɗe ta a tawul, ya ɗaure a bayan babur ya nufi Baure. Batirin ba ya wuce awa ɗaya da rabi, don haka kowane zama iyakarsa ke nan. Ya ce mini tana ba shi asalin gidansu, wa ya haifi wa, inda suka yi kiwo da inda suka sha ruwa tun kafin a san wata iyaka, da shekarun yunwa, da sunayen shanun kakansa. Rani biyu ya yi yana wannan sintiri. A na uku tsohuwar ta rasu. Bayan rasuwar bai ƙara buɗe muryar ba, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba tukuna. Ya yi wa Goggo alkawarin in shekara ta zagayo zai tara dangi da Sallah ya kunna musu, ya kuma yi wa kowane gida faifai.

A tsakanin nan ne na rubuta darasin kulle. Lokacin ana ta maganar hotunan matan aure da ke fita daga shagunan gyaran waya da kwamfuta, kowa hankalinsa a tashe. Tsarin namu yana da hanyar da zai hautsina duk abin da mutum ya ajiye, ya zama ko an cire rumbun kwamfutar an kai wani wuri ba mai iya karantawa sai da kalmar sirrin mai ita. Rumbun nan wani ɗan ƙarfe ne mai faɗin tafin hannu, a cikinsa komai yake zama. Na tsara darasin kashi uku. Na farko yadda ake kullewa. Na biyu yadda ake zaɓar kalmar sirri: ta zama doguwa, jimla guda wadda ba mai iya cankarta, kada a rubuta ta, kada a gaya wa kowa, ko matarka. Na ƙara da cewa wanda ya kulle kwamfuta ya bar kwafin kayansa a filashin da yara ke ara, ya kulle ƙofa ne ya bar taga a buɗe. Kashi na uku shi ne mabuɗin ko-ta-kwana. Tsarin yana da wani dogon jerin haruffa da lambobi da mai kwamfuta zai iya cirowa da kalmarsa, ya rubuta a takarda ya ba wanda ya amince da shi, don ranar da kalmar ta ɓace. Aikin minti biyu ne.

Da na gama bugawa sai darasin ya cika shafi ya tsallaka. A makon kuwa akwai suna biyu, da ta'aziyya, da wani da ya sami aiki a Katsina. Labaran 'yan uwa ba a taɓa su. Na taɓa mance sunan ɗan wani, ya yi wata guda yana gaishe ni da gefen baki. Injin fotokwafin shagon kuma in aka ce ya buga gaba da baya sai ya tauna takarda. Na duba na duba, na yanke kashi na uku, na rubuta a gurbinsa cewa sauran bayani sai mako mai zuwa.

Mako mai zuwa sabuwar fitowar tsarin ta iso daga Kano, kowa yana ɗokin yadda ake sa shi, takardar ta tafi a kan haka. Na gaba aka shiga rigimar firinta. Sau ɗaya dattijon ya tuna mini. Ina durƙushe a bayan firintar mai shagon hannuna duk tawada, ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, akwai sauran bayanin kulle."

Na ce za mu zo kansa. Bai sake tambaya ba, don a wajensa ɗalibi ba ya matsa wa malami sau biyu. Ni kuwa na mance sarai.

Da farkon damina dattijon ya kwanta ciwo, bayan kwana uku ya cika. Na je jana'iza, na rubuta ta'aziyya a ƙasan takardar Juma'a, layi huɗu. Na ji mutuwarsa, amma irin jin da malami ke yi wa ɗalibin kirki, ban yi tunanin komai ba bayan haka.

Bayan sadakar arba'in Goggo ta zo shagon, surukin yana biye da ita riƙe da kwamfutar a cikin zane. Doguwar tsohuwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a bakin dandamali. Bayan gaisuwa ta ce ƙaninta ya gaya mata muryar innarsu tana cikin abin nan, ita kuma tana so ta ji. Iyakar bukatarta ke nan. Na kunna, kwamfutar ta nemi kalmar sirri, ba wanda ya sani. Na ce wannan ba komai ba ne. Sau nawa na buɗe wa mutane kwamfutar da suka mance kalmarta, da faifai kawai. Na sa faifan na shiga ta ƙofar baya, na nufi inda yake ajiye kayansa. Sai na tarar da sunaye a hautsine, dogayen haruffa marasa ma'ana jere reras. A nan na gane ya bi darasin kulle.

Na tambayi surukin filashin da marigayin ke ajiye kwafi. Ya ciro shi daga aljihu ya ce sun duba, babu komai a ciki, shi ma abin ya ba shi mamaki. Ni bai ba ni ba. Na gwada duk dabarar dawo da abin da aka goge, na tarar an shafe shi ta hanyar da ba ta dawowa, wadda ita ma ni na koyar a wata takarda. Sai na ce a kawo mini littafinsa mai kwalin bango, ko ya saɓa mini sau ɗaya ya rubuta kalmar a wani lungu. Washegari aka kawo. Na bi shi shafi-shafi har na zo darasin kulle. Ya kwafe kashi na farko da na biyu da kyakkyawan rubutunsa na tsofaffin ma'aikata, ya kwafe layin da na ce sauran bayani sai mako mai zuwa, sannan ya bar rabin shafi fari kafin ya fara darasi na gaba. Na daɗe ina kallon farin wurin. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji a gaban littafin ɗalibi ba. Na rufe na ce musu babu kalmar a ciki, ban faɗi sauran ba.

Abin da ya rage shi ne canka. Mako uku ina tashi daga makaranta in wuce gidan marigayin in zauna a zaure da kwamfutar a cinya. Matarsa tana takaba, ba ta fitowa, babbar 'yar ce ke kai saƙo tana kawowa. Matar ta aiko cewa in zai buɗe yakan daɗe yana dannawa da yatsa ɗaya, leɓensa na motsi, kuma ta taɓa tambayarsa cikin wasa ya ce Malam ya hana. Muka gwada sunayen 'ya'yansa, da na kakanni, da ayoyin da ya fi karantawa a sallah, da sunayen magungunan shanu. Goggo ta tare a gidan, takan zauna a bakin ƙofar zaure ta cikin gida tana jefo mini kirarin shanun gidansu da maganganun da innarsu ta saba yi, da Fulatanci, 'yar tana taya ni rubutawa. Kowanne sai in gwada shi da manyan baƙaƙe da ƙanana, da tazara da babu. Kwamfutar takan ɗan yi shiru, ta girgiza akwatin rubutun, ta koma jira. Ko sau ɗaya Goggo ba ta nuna gajiya ba. In na ce bai yi ba sai ta ce to, ta kawo wani.

Na rubuta tambaya a dandalin intanet da Turancina na malamin lissafi. Mutane daga ƙasashen da ban san su ba suka amsa da ladabi, duk bakinsu ɗaya: in babu kalmar, babu kuma mabuɗin ko-ta-kwana, to babu hanya. Ɗaya ya ƙara da cewa wannan ai shaida ce kullen yana da kyau. Na ji kamar in shiga allon in shaƙo shi, daga baya na ga gaskiya ya faɗa. Wani ya nuna mini manhajar da ke gwada kalmomi da kanta. Na sa ta a kwamfutar shagon ta yi ta gwaji kwana da kwanaki, wuta na ɗaukewa muna tayar da janareta, har mai shagon ya fara tsaki. Da na zauna na yi lissafin yawan jimlolin da za a iya haɗawa da tsawon abin da matar ta kwatanta, na ga ko jikokina ba za su ga ƙarshen gwajin ba. Na kashe ta. Lissafi dai sana'ata ce, ba zan yaudari kaina da shi ba.

Surukin ya ce bari ya gwada Kano. Na ja masa kunne kada ya bari kowa ya goge rumbun da sunan gyara. Ya yini yana yawo shago-shago ya dawo da ita yadda ya tafi da ita. 'Yan ƙungiyarmu ma kowa ya kawo tasa shawarar, har da waɗanda ba su taɓa karanta darasin ba, ai shi ya sa ba abin da ya kulle musu. Wani ya ce a yi istihara ko Allah zai nuna kalmar a mafarki. Goggo ta ce ta riga ta yi, ba ta ga komai ba sai awaki.

Ana cikin haka aka sa ranar rabon gado. Wani malami na cikin gari, dattijo mai sanyin murya da aka sani da wannan aiki, shi aka kira. Marigayin ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, babu namiji, don haka bayan an fitar da na matar da na 'ya'yan abin da ya saura na Goggo ne. Komai sai an yi masa ƙima: gida, babur, 'yan shanun da ke hannun dangi, har da kwamfutar. Ƙaramar 'yar tana karatu a kwaleji, ita ke bukatarta, amma rumbun ya cika maƙil da muryar, ba za ta moru ba sai an goge ko an canza wani. Aka aiko mini in zo in faɗi abin da na sani.

Aka zauna a zauren da hantsi, maza a kan tabarma, mata daga bayan labule. Da aka zo kan kwamfutar na kawo shawarar a cire rumbun a sa sabo, kwamfutar ta tafi ga yarinyar, rumbun ya zama kaya mai zaman kansa. Malamin ya yarda. Ya tambayi ƙimar rumbun, na ce in ƙarfen ne, ba zai wuce kuɗin tsohon rumbu a kasuwa ba. Ya ce abin da ke ciki fa? Na ce ban san yadda ake yi masa kuɗi ba. Ya ce abin da hannu ba ya iya kaiwa gare shi hukuncinsa kamar na kifi ne a cikin kogi, ba a sa shi a ma'auni. Sannan ya dube ni ya ce in gaya masa tsakanina da Allah, akwai ranar da za a iya buɗewa? Na ce da abin da na sani, babu. Sai ya ce abin da mamaki, mutanen da suka yi irin wannan kulle a ce ba su tanadi mabuɗi na biyu ba, alhali ko maƙerin kwaɗo biyu yake bayarwa.

Da ya tsaya a tambayar farko da na tashi da rufin asirina. Na ce sun tanada. Na faɗi yadda na yanke kashi na uku don shafi ya cika, da yadda marigayin ya tuna mini na ce za mu zo kansa, da rabin shafin da ya bari. Ban ƙara gishiri ba, ban kuma nemi uzuri ba. Ba wanda ya ɗaga murya. Surukin ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Malamin ya tambaye ni ko an ba ni amanar muryar ne, na ce a'a. Ko na yi da gangan, na ce a'a. Ya ce to babu lamuni a kaina, mantuwa ce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Aka ce amin. Da ya ci ni tara da na fi jin sauƙi.

Daga bayan labule Goggo ta ce a sa rumbun a cikin rabonta. Malamin ya ce ta ji dai abin da aka faɗa, ƙarfe ne kawai za ta ɗauka. Ta ce ta ji. Aka rubuta.

Da taro ya watse na ciro ɗan sukundireba na kwance rumbun a nan zauren. Ta fito ta zauna nesa kaɗan, na miƙa mata da hannu biyu. Ta juya shi ta auna nauyinsa a tafinta, ta tambayi yadda ake ajiyarsa. Na ce kada ruwa ya taɓa shi, kada ya sha rana, kada ya faɗi, kada a ajiye shi kusa da rediyo. Ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a gwangwani mai murfi. Ta ce wannan mai sauƙi ne.

Ban san abin da ya sa na faɗi magana ta gaba ba, wataƙila don hannuna ya zama wofi. Na ce mata tun farkon aikin marigayin ya taɓa kunna mini kaɗan a shago, don in duba masa ko sautin yana fita da kyau. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don ban ɗauke shi komai ba. Ta ɗago kai ta dube ni sosai, karo na farko tun da na san ta.

"Ashe ka ji ta. Me ta ce?"

Na ce bai fi minti biyu ba, kuma da Fulatanci take magana, ni ba na ji. Gaskiyar ita ce ko sauraro ban yi ba, idona na kan layin da ke nuna ƙarfin sauti, ina gaya masa ya riƙa matso da makirfon kusa. Ta ce in dai tuna. Na rufe ido na lalubo. Na ce na ji ta yi tari, sannan ta katse maganar ta juya ta yi wa wani magana da Hausa, ta ce, "Ke, janyo ƙyauren nan, akuya za ta shigo."

Goggo ta ajiye gwangwanin a cinyarta. Can ta ce, "Da ni take."

Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta girgiza kai ta ce ba haka innarsu take faɗi ba, takan ja ƙarshen, kuma ba ta iya cewa ƙyaure daidai ba har ta mutu. Ta faɗa mini yadda take faɗi, a hankali, da wata murya da ba tata ba. Na maimaita, ta gyara mini, na sake maimaitawa. A na huɗu ta ce ya yi kusa. Surukin ya leƙo ya ce motar Baure ta kusa cika. Ta ɗaure gwangwanin a bakin mayafinta, ta dafa bango ta miƙe, ta ce in ta shigo gari za ta riƙa biyowa ta shagon in faɗa mata.